Yadda Ake Zaɓa da Zuba Daɓen Ɗakin Kare na Waje

Mai ajiye karen gadi, a gida ko a gidan gona, yawanci kuɗinsa kan ƙare ne a kan ragar waya da ƙofar ƙarfe da kwanon rufi. Ƙasan ɗakin kuwa sai a ce wa birkila ya ɗan shafa siminti da abin da ya rage. Alhali a kan wannan daɓen kare zai kwana, a kansa zai ci, a kansa zai yi fitsari da kashi. Kafin a sayi ko buhu ɗaya na siminti, tambayar da za a fara amsawa ita ce: idan aka watsa bokitin ruwa a ɗakin nan, ina ruwan zai bi, kuma minti nawa wurin zai yi kafin ya bushe? Wari da kaska da tsutsar ciki da ciwon dagi duk daga amsar wannan tambaya suke tasowa.

Abin da kowane irin daɓe ke yi wa kare

Ƙasa tsura ita ce mafi arha, ita ce kuma mafi tsada daga baya. Ba a iya wanke ta. Ƙwan tsutsar ciki da ke fita a kashin kare yakan yi shekaru a cikinta da ransa, ƙwayar cutar fabo, mai sa kwikwiyo amai da gudawar jini, takan yi watanni har zuwa shekara, musamman a inuwa mai laima. Akwai kuma wani ƙuda a ƙasashenmu na Afirka da ke zuba ƙwansa a rairayin da ke cikin inuwa wanda fitsari ko kashi ya taɓa. Tsutsar na ƙyanƙyashewa sai ta huda fatar karen da ya kwanta a wurin, ka ga ciki da cinyoyin kwikwiyo sun yi maruru masu ɗan rami a tsakiya, idan aka matsa tsutsa ta fito. Tsutsar ciki mai ƙugiya ma a jiƙaƙƙen rairayi take girma, kuma tana shiga fatar yaran da ke yawo a wurin ba takalmi. Ga tono: kare mai ƙarfi zai haƙa ƙarƙashin waya ya fice cikin dare ɗaya.

Tsakuwa tana tsane ruwa da kyau, ba ta kuma ɗaukar zafi kamar siminti idan tana inuwa. Amma sai an samu irin ta rafi, mai santsi, 'yan ƙanana kamar milimita 6 zuwa 10. Dutsen da inji ya fasa yana da kaifi, yana yanka tafin dagi. Matsalar tsakuwa biyu ce. Wasu karnuka, musamman ƙanana, suna haɗiye ta, hanji ya toshe, a ƙare a teburin fiɗa. Sannan idan kare ya yi gudawa, ba yadda za ka tsabtace ta sai dai ka kwashe wurin gaba ɗaya.

Tayil yana burge ido, yana da sauƙin gogewa, amma da zarar ya jiƙe kare ba ya iya kafa ƙafa. Babban kare irin Boerboel ko German Shepherd da ya taso yana zamewa a kan santsi, ƙugunsa da gwiwoyinsa ne ke biyan kuɗin. Intalok kuma, wato ƙananan tubalan siminti da ake jerawa a tsakar gida, tsakanin kowane biyu akwai tsaga cike da yashi, nan fitsari ke nutsewa, nan kaska ke ɓuya. Katako yana shan fitsari, gara na cin sa. Ragar ƙarfe a matsayin wurin takawa, wadda wasu ke yi don kashi ya riƙa faɗawa ƙasa, zalunci ce ga dabbar da za ta wuni a tsaye a kai: tana buɗe yatsu, tana karya akaifa.

Shawararmu ga wanda karensa zai daɗe a wuri ɗaya ita ce kankare mai gangara, wanda ba shi da santsi, da inuwa a samansa, da gadon katako a gefe guda. Kankare ma yana da aibinsa, yana da tauri, yana zafi, yana sanyi, amma duk waɗannan akwai maganinsu. Idan fili ya wadata, a ƙara wani ɓangare na tsakuwar rafi a gaba don motsa jiki.

Wuri da awo

Zaɓi tudu. Ka lura da inda ruwa ke kwanciya a gidan bayan ruwan watan Agusta, ka kauce masa, ka kuma kauce wa ƙarƙashin indararo. Ramin da ruwan wankin zai shiga ya yi nesa da rijiya ko burtsatse, mita 30 idan da hali, kada dai ya gaza 15.

Misalin da za mu yi lissafi a kai shi ne mita 2 a faɗi, mita 3 a tsawo, na babban kare ɗaya da ake sakinsa kullum ya zaga gida. Idan zai wuni ya kwana a ciki, wannan ya yi kaɗan, a kai tsawon mita 4 ko 5. Kafa turaku huɗu, ka ɗaura igiya. Don tabbatar da kusurwoyin sun daidaita, auna daga kusurwa zuwa wadda ke kallonta a karkace: a mita 2 da 3, duka awon biyu za su ba ka mita 3 da santimita 60. Idan ɗaya ya fi ɗaya, gyara turakun kafin diga ta taɓa ƙasa.

Wurin kwanciya a baya, wajen tudu. Kwata a gaba, wajen gangare, kuma a wajen waya, ba cikin ɗakin ba.

Abin da ke ƙarƙashin kankare

Daɓen da ya tsage, sau da yawa ba siminti ne ya yi kaɗan ba, ƙasan ne ba a daɓe ba. Kwashe ƙasar sama mai saiwoyi da shara, zurfin santimita 15 zuwa 20, ka wuce igiyar da kamar santimita 20 ta kowane gefe. Idan ƙasar wurin baƙar laka ce mai darewa da rani ta kumbura da damina, irin ta wasu sassan Borno da Gombe da Adamawa, ƙara zurfin haƙan zuwa santimita 40 ko fiye, ka cike da burji. Wannan laka tana ɗaga daɓe ta sauke shi duk shekara har ya karye.

Zuba burji ko jar ƙasa mai tsakuwa, amma ba duka lokaci ɗaya ba. Zuba kaurin santimita 5 zuwa 7, yayyafa ruwa har ta yi laima, ba caɓi ba, a daɓe da madaɓi, sannan a ƙara wani. Alamar laimar ta yi daidai ita ce ka dunƙule ƙasar a hannu ta riƙe jikinta ba tare da ruwa ya ɗigo ba. Alamar daɓewa ta yi kuwa, ka taka da diddige ba ka bar sawu ba. Santimita 10 na burji a wannan fili zai ci kamar baro 15. Ka ci gaba da cikawa yadda idan an gama, saman daɓen zai fi ƙasar tsakar gida tudu da aƙalla santimita 10.

A nan ake fitar da gangara, tun daga burjin. Ƙa'idar ita ce santimita 2 a kowace mita ɗaya, wato a tsawon mita 3 baya ya fi gaba tudu da santimita 6. Ƙasa da haka ruwa zai tsaya a 'yan ramukan da hannu ba ya rasa barin su. Idan ta yi yawa sosai kuma, kwanon ruwa zai riƙa zubewa, kare ya kasa kwanciya daidai. Ba sai da na'ura ba: siririn tiyo mai haske da aka cika da ruwa ya isa. Ɗora bakinsa ɗaya a turken baya, ɗaya a na gaba, yi alama inda ruwan ya tsaya a kowanne, sannan a turken gaba ka sauko santimita 6 daga alamar, ka ɗaura igiya tsakaninsu. Wanda ya bar burjin a miƙe ya ce zai fitar da gangarar da kankare, zai ƙare da baya mai kauri da gaba siriri, kuma gaban ne zai fara fashewa, daidai inda ruwa ya fi bi.

Yanzu ne lokacin kafa ƙarafan waya, ba bayan zuba kankare ba. Kowane fayif ya shiga rami mai zurfin santimita 45 zuwa 60, a cika da kankare. Fasa sabon daɓe don kafa ƙarfe yana barin tsaga zagaye da gindinsa, fitsari ya riƙa shiga yana cin ƙarfen.

Kafinta ya kewaye filin da katako mai faɗin inci 4, saman katakon ya bi igiyar gangara daidai, a tokare shi da turaku ta waje. Shimfiɗa leda mai kauri a kan burjin, inda biyu suka haɗu a ɗora ɗaya kan ɗaya da santimita 15. Amfaninta biyu: tana hana busasshiyar ƙasa tsotse ruwan kankare tun bai kama ba, tana kuma hana laima tasowa daga ƙasa da damina. A sa ragar ƙarfe ta BRC, irin wadda ake binnewa cikin kankare don ta riƙe shi, a ɗaga ta a kan 'yan duwatsu ko gutsattsarin kankare da kamar santimita 5 don ta zauna tsakiyar kaurin. Ragar da aka shimfiɗa kwance a kan leda ba ta riƙe komai, kuɗi ne aka binne.

Kwaɓi da zubi

Haɗin shi ne siminti kashi 1, yashi kashi 2, dutse kashi 4. Buhun siminti mai kilo 50 kwanon sarki biyu ne, don haka kowane buhu zai ci kwano 4 na yashi da kwano 8 na dutse, kusan baro ɗaya na yashi da baro biyu na dutse ke nan. Kaurin santimita 10 a fili mai mita 2 da 3 zai ci buhu 4. Sayi 5 ko 6 saboda kwata da dakalin gefe da ramukan ƙarafa. Yashin ya zama na rafi mai kaushi, ba mai laushin da ake filasta da shi ba. Don gwada shi, zuba kaɗan a kwalba, cika da ruwa, girgiza, ajiye: idan laka mai kauri ta kwanta a saman yashin, a wanke shi ko a canza. Dutsen cikin kankare kuwa na inji ya fi, mai girman rabin inci zuwa uku bisa huɗu.

Ruwa shi ne inda aka fi ɓata aiki. Jarka ɗaya mai lita 25 ga kowane buhu, idan yashin jiƙaƙƙe ne ma a rage. Leburori sun fi son kwaɓi mai ruwa-ruwa don ya fi sauƙin ɗauka da bazawa, amma duk ruwan da ya wuce kima idan ya ƙafe 'yan ƙofofi yake bari a jikin kankare. Cikin waɗannan ƙofofin fitsari ke shiga ya zauna, shi ya sa wani ɗakin kare ko an wanke shi sau uku a rana, da rana ta take sai warin ya taso. Kwaɓin da ya yi daidai zai tsaya a kan shebur kamar tuwo mai ɗan laushi, ba zai malale ba.

A zuba da sassafe ko bayan la'asar. A guji tsakar rana a watan Maris da Afrilu, a guji ranar da iskar hunturu ke kaɗawa, domin saman kan bushe ya yi tsaga-tsaga tun ƙasan bai kama ba. A zuba duka a zama ɗaya, a fara daga baya. A caccaka da guntun rodi, a bubbuga jikin katakon da guduma don iska ta fita. Sai mutum biyu su kama miƙaƙƙen katako, su ɗora a kan katakon gefe, su riƙa ja suna girgizawa har zuwa gaba.

Daga nan a dakata. Ruwa zai taso ya kwanta a sama yana sheƙi. Kada a taɓa sai ya ƙafe da kansa. Al'adar barbaɗa busasshen siminti a kai don ya shanye ruwan tana haifar da wata siririyar fata da ke ɓarewa tana ƙura bayan 'yan watanni. Haka nan al'adar zuba kankare yau a dawo bayan kwana biyu a shafa masa filasta: wannan shafen yakan rabu da na ƙasa, idan ka ƙwanƙwasa ka ji kogo, kuma wannan kogon gidan kaska ne. Kaskar kare mai ruwan ƙasa ba ta buƙatar ciyawa, a tsagar bango da ta daɓe take rayuwa, macenta guda kan zuba ƙwai dubbai.

Fuskar daɓen ita ce ta biyu a muhimmanci bayan gangara. Idan sheƙin ya tafi, a goge da katakon goge daɓe, ba da cokalin ƙarfe ba, domin ƙarfe yana mayar da shi sumul. Sannan a ja tsintsiya mai laushi sau ɗaya, a hankali, daga baya zuwa gaba, yadda 'yan layukan za su bi hanyar ruwa. Idan aka ja ta a gicciye, kowane layi zai tare datti. Kaushin da ake nema shi ne wanda idan ka shafa tafin hannu za ka ji ya ɗan riƙe ka amma bai karce ka ba. Wanda ya fi haka zai cinye tafin dagin kare mai yawan kai-komo har ya yi jini.

Inda daɓe ya haɗu da bango, a cike kusurwar a lanƙwasa ta da gindin kwalba, don kada datti ya sami wurin maƙalewa. A ƙarƙashin wayar gefe biyu da baya a ɗaga ɗan dakali na santimita 10 zuwa 15. Yana hana ruwan wani ɗaki shiga wani idan karnuka suna jere, kuma ta wannan ruwan ne cuta ke ƙetarawa. Idan tsawon ya wuce mita 3, a tsaga layi ɗaya a tsakiya mai zurfin santimita 2 da rabi tun kankare bai gama ƙarfi ba. Kankare sai ya ja jiki ya tsage, gara ya tsage a inda ka zaɓa masa. Bayan ya bushe a toshe layin da abin liƙe tsaga mai danƙo.

Kwatar gaba ta yi faɗin santimita 15, gindinta a lanƙwashe, ita kam a goge ta sumul, da tata gangarar zuwa fayif mai inci 4 da zai kai ruwan sokawe, wato ramin da ruwan wankin zai shiga. Sa 'yar raga a bakin fayif ɗin, gashin kare ne ke fara toshe shi.

Ban ruwa

Washegari a rufe daɓen da buhunan algarara ko tsofaffin tsummoki, a riƙa jiƙa su safe da rana da yamma har kwana 7. Siminti ba bushewa ke ba shi ƙarfi ba, haɗuwarsa da ruwa ce, kuma sai ya kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa. Wanda aka bari rana ta gasa tun rana ta biyu zai yi gari a sama ya riƙa shan fitsari. Kada kare ya shiga kafin kwana 10, kuma a wanke wurin sosai tukuna, don ƙurar sabon siminti tana ƙona dagi. Kafin ya shiga, watsa bokiti biyu daga baya ka tsaya ka kalla. Duk inda ruwa ya kwanta, zagaye shi da alli, a goge bakin ramin da dutsen wasa wuƙa ko injin gurza har ruwan ya sami hanya. Mai son shafa ruwan toshe ƙofofin kankare ya jira kwana 28 ɗin, ya zaɓi irin mai nutsewa ciki. Fentin mai ba ya jure akaifa, ɓarewa yake yi kare ya lashe.

Zafi, sanyi da gado

A Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, inda zafin bazara ke wuce digiri 40, kankaren da rana ke duka yana iya sale dagi. Ɗora bayan hannunka a kai. Idan ba za ka iya jure daƙiƙa 7 ba, kare ma ba zai iya ba. A rufe aƙalla rabin ɗakin, a lura da ranar yamma da ke shigowa ta gefe, a tare ta da zana ko asabari. Kwanon rufi ya yi sama da mita 2, idan aka shimfiɗa masa zana a ƙasa ko a sama zafin da yake saukarwa zai ragu sosai.

Da hunturu kuma daɓen kan yi sanyi ƙarara da dare, yana zuƙe ɗumin jikin kwikwiyo da tsohon kare. Babban kare mai kwana a kan tauri kullum gwiwoyin ƙafafunsa na gaba kan yi kanta, gashin wurin ya zube, wani lokaci ya kumbura ya tara ruwa. Gadon katako ne maganin duka biyun: faɗin santimita 90, tsawon mita 1 da santimita 20, a kan ƙafafu masu tsayin santimita 10 zuwa 15, allunan a matse yadda yatsa ba zai faɗa tsakani ba, kawunan ƙusoshi a nutse. Ya zama wanda mutum ɗaya zai iya ɗagawa ya jingine a rana. Kada a shafa masa baƙin mai don gudun gara. Kare yana lasa yana gwaguya, guba ne a gare shi. A sa wa ƙafafun gadon guntun roba ko tsohuwar taya don kada su zauna cikin ruwa.

Idan za a ƙara filin tsakuwa

Haƙa santimita 20, daɓe ƙasan da 'yar gangara, shimfiɗa ragar waya mai kauri a ɗaure ta da gindin shingen don hana tono. Zuba santimita 5 na manyan duwatsu, sannan santimita 10 zuwa 15 na tsakuwar rafi. Kewaye da bulo jeri ɗaya don kada ta watse. Ya zama rana tana samun wurin wani ɓangare na yini, ita ce ke busar da shi. A kwashe kashi kullum tare da tsakuwar da ta taɓa shi, a ƙara sabuwa idan ta ragu. Kwikwiyon da bai gama allurar rigakafi ba, da karen da aka ga yana tauna dutse, a bar su a kan kankare.

Wanki

A fitar da kare, a kwashe kashi da shebur tukuna. Kora shi da tiyo baza ƙwan tsutsa yake yi ko'ina, ya kuma cika sokawe. A ɗauraye fitsarin da ruwa, a goge da omo da burushi, a sake ɗaurayewa. Sau ɗaya ko biyu a mako, da kuma duk lokacin da kare ya yi rashin lafiya, a bi da ruwan bilic irin Hypo ko Jik, kamar mililita 30 zuwa 50 a kowace lita ta ruwa, a bar shi minti 10, a ɗauraye sosai, a bar wurin ya bushe kafin kare ya koma. Bilic yana kashe ƙwayar fabo, amma ba ya aiki a kan datti, shi ya sa wankin omo ke zuwa kafinsa, kuma ba ya kashe ƙwan tsutsar ciki. Wannan sai kwashe kashi a kan lokaci da ba kare maganin tsutsa yadda likitan dabbobi ya tsara. Kada a haɗa bilic da wani sinadarin wanki, kada kuma a zuba shi a kan fitsarin da ba a ɗauraye ba, hayaƙin yana cutar da huhun mutum da na kare.

Duk ƙarshen damina a bi daɓen da ido, musamman gindin ƙarafa da bakin kwata da inda ya haɗu da bango. Tsagar da bakin wuƙa zai shiga, a ƙara buɗe ta kaɗan da kurfi, a share ƙurar, a jiƙa, a cike da siminti 1 yashi 3, a rufe da jiƙaƙƙen buhu kwana 3, karen yana wani wuri.